Dashen gaba: mai lanƙwasa ko mai famfo, wanne ya fi wa mutumin Kaduna?

Kafin magidanci ya kai ga zama gaban likita ana maganar a yi masa dashen na'ura a mazakuta saboda mutuwar gaba, ya riga ya sha yawo. Ya sha jiƙe-jiƙe da sassaƙe, ya sayi garin da ake talla da lasifika a tashar Kawo da bakin Kasuwar Bacci. An ce masa basir ne, an ce sanyi ne, an ce zaƙi ne ya yi masa yawa, wani ma ya rantse masa cewa hannu aka sa masa. Ya lallaɓa kemis ya sayi ƙwaya, ta yi masa aiki na ɗan lokaci, daga baya ita ma ta ce ga garinku nan. Irin wannan bawan Allah nake yi wa rubutun nan, shi da maiɗakinsa. Wanda matsalarsa ta fara watan jiya, ko take zuwa tana tafiya, layi bai zo kansa ba tukuna.

Dalili kuwa, aikin nan ba a warware shi. A cikin gaban namiji akwai ɗakuna biyu dogaye, dama da hagu, cike da tsoka mai ƙananan ramuka, waɗanda jini ke cikawa idan sha'awa ta motsa. Likita buɗe waɗannan ɗakuna yake yi, ya faɗaɗa su, ya zura na'urar a ciki. Tsokar da aka ture ba ta komawa yadda take. Ko an cire na'urar daga baya, gaba ba zai ƙara tashi da kansa ba, ƙwaya ma ba abin da za ta tsinana masa. Shi ya sa likitan kirki ba ya ɗaukar wuƙa sai ya tabbata an bi matakan baya, kuma an bi su daidai.

Ƙwayar sildenafil, wadda aka fi sani da Viagra, ta fito a 1998, tadalafil kuma a 2003. Da yawa cikin masu cewa ba ta yi musu aiki ba, ko jabu suka saya, ko sun sha ta a kan tuwo da miya mai maiƙo, ko kuma sun kwanta suna jiran ta tayar da su alhali ita sai da sha'awa take aiki. Mai shan maganin ciwon zuciya irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe kuwa, kada ya kusance ta, don haɗa su na iya faɗar da jini ƙasa warwas. Bayan ƙwaya akwai allurar da mutum ke yi wa kansa a gefen gaba, da kuma bututun da ke zuƙo jini a ɗaure da zobe, wanda ba a barinsa ya wuce minti 30. A kuma auna suga da hawan jini da zuciya, domin sau da yawa mutuwar gaba ita ce sallamar farko da ciwon zuciya ke yi, da 'yan shekaru kafin ya bayyana. Idan duk an bi wannan babu biyan buƙata, to a nan ne zancen dashe ke shigowa.

Ba sabon abu ba ne. A 1973 ne likita Brantley Scott, a birnin Houston na Amurka, ya fito da mai famfo, a 1975 kuma likitoci biyu, Small da Carrion, suka fito da irin sandunan da mai lanƙwasa ya samo asali daga gare su. Sama da shekara 50 ke nan ana yi ana gyarawa.

Mai lanƙwasa sanduna biyu ne na robar silikon, a tsakiyar kowace akwai wayar ƙarfe mai lanƙwasuwa, wasu ma ta azurfa. Shi ke nan. Gaba yana nan da ƙarfinsa dare da rana. Idan buƙata ta taso a miƙar da shi da hannu, idan an gama a lanƙwasa shi ƙasa. Tactra na kamfanin Boston Scientific da Genesis na Coloplast suna cikin waɗanda aka sani, akwai kuma na Indiya masu sauƙin kuɗi.

Mai famfo kuwa kaya uku ne haɗe da siraran bututai: silinda biyu a cikin gaba, ɗan tankin ruwan gishiri da ake ɓoyewa a cikin mara kusa da mafitsara, sai ɗan famfo a cikin jakar maraina. A matsa famfon sau da yawa, ruwa ya taso daga tanki ya cika silinda, gaba ya miƙe ya yi kauri. In an gama a danna wani ɗan maɓalli a jikin famfon, ruwa ya koma, gaba ya kwanta. AMS 700 da Titan su ne fitattu. Akwai na tsakiya mai kaya biyu, Ambicor, wanda ba shi da tanki daban; ana ba wa wanda aka yi wa manyan ayyuka a mara, misali dashen ƙoda, amma ba ya kwanciya sosai kuma bai kai mai kaya uku ƙarfi ba. Ba zan daɗe a kansa ba.

Rana ta fi dare tsawo

Masu tambaya kan fara da shimfiɗa, ni kuwa ina ganin a fara da rana, don awa nawa mutum ke yi a shimfiɗa a mako? Sauran lokacin yana shago a Kasuwar Gumi, yana sahu a masallaci, yana kan babur ko cikin Keke, yana zaune a tabarmar ɗaurin aure gwiwa da gwiwa da surukai.

A nan mai famfo ya yi wa ɗan'uwansa nisa. Idan an sauke ruwan, gaba yana kwanciya kusan yadda Allah Ya halicce shi, ba mai ganewa ko da a ɗakin canza kaya ne. Mai lanƙwasa kuwa ba ya kwanciya, ɓoye shi ake yi. Ana lanƙwasa shi ƙasa ko a jingina shi da mara, a sa gajeren wando mai kamawa ya riƙe shi. Sai dai mu nan sutura ta yi mana rana. Mutumin da kullum yake cikin kaftani ko jallabiya ko babbar riga ba shi da fargabar da Bature mai matsattsen wando yake da ita. Ma'aikacin banki mai kwat, da soja da ɗan sanda da ke cikin kaki, su ne ya kamata su yi dogon tunani. Sai kuma wani wuri da ba kasafai ake tunawa da shi ba: harami. Maniyyaci ba ya sa wando, zane ne kawai da bel, don haka mai sanduna sai ya koyi ɗaurin da zai rufa masa asiri a 'yan kwanakin nan. Ba abin da zai hana shi Hajji ko Umara ba ne, amma gara ya sani tun a gida.

Fitsari da tsarki ba sa canzawa a duka biyun, domin bututun fitsari hanyarsa daban, a ƙasan ɗakunan nan biyu, ba a taɓa shi. Mai sanduna zai tsugunna ya karkatar da su ƙasa ya yi abinsa. Ruku'u da sujada ma ba matsala bayan ciwo ya warke. Abin da wasu masu sanduna ke kuka da shi shi ne jin abu a jiki koyaushe, musamman a watannin farko, da gogar wando a lokacin zafin Maris da Afrilu.

A shimfiɗa

Akwai abubuwan da su biyun suka yi tarayya a kai, kuma a nan ne mutane suka fi cizon yatsa idan ba a gaya musu gaskiya ba tun farko. Dashe ba ya ƙara tsawo. Hasali ma maza da yawa suna ganin gabansu ya ɗan ragu a kan yadda suka san shi a ƙuruciya, domin shekarun da ya yi a kwance sun riga sun tsuke shi, likita kuma daidai da abin da ya tarar yake aunawa. Kan kaciya ba ya kumbura, tunda na'urar ba ta shiga cikinsa, don haka yakan zama da ɗan laushi. Dashe ba ya kawo sha'awar da babu ita, ba ya maganin rashin haihuwa, ba ya kuma hana ɗaukar ciwon sanyi. Amma jin daɗi da inzali da fitar maniyyi suna nan yadda suke kafin aiki. Wanda yake haihuwa zai ci gaba da haihuwa. Wanda aka cire wa furostet (wata tsoka da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) saboda ciwon daji, wanda dama maniyyi ya daina fita, ba zai dawo ba.

Bambancin yana wajen kauri da kamanni. Mai famfo yana cika ya yi kauri, mutum kuma shi ke da iko da yawan ƙarfin da yake so. Mai lanƙwasa kaurinsa ɗaya ne kullum, yakan kuma ɗan yi motsi a gindi. Ya isa saduwa, ba shakka, amma binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban yana nuna masu mai famfo da matansu sun fi nuna gamsuwa, duk da cewa su ma masu sanduna mafi yawansu sun gamsu. A gefe guda, sanduna ba su da shiri: miƙarwa ce kawai. Mai famfo sai an tsaya an matsa, kuma matsawar tana son ƙarfin yatsu. Dattijon da hannunsa ke rawa, ko wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa, ko mai suga da yatsunsa suka yi dundurusu ba ya jin abin da ya taɓa, ko mai tumbin da hannunsa ba ya kaiwa da sauƙi, zai sayi abu mai tsada ya zo ya kasa sarrafa shi. Wasu matan ne ke matsa musu, kuma hakan ba laifi, in dai an yi shawara da su.

Wannan ya kawo mu kan uwargida. Na san akwai mai cewa zai je Alƙahira ko Indiya a yi masa a dawo ba wanda ya sani. Malam, matar da kake kwana da ita za ta sani. Za ta ga ɗinki, za ta ga kumburin jakar maraina na makonnin farko, za ta ji famfo da hannunta. Al'amarin ma ai haƙƙinta ne tun asali. Ko a Risala, wanda ya kasa kusantar matarsa shekara guda ake ɗibar masa, in ya iya shi ke nan, in bai iya ba a raba su idan ta so. Matar da ta yi shekaru tana haƙuri, wataƙila ma tana zargin kanta ko tana zargin kishiya, ta cancanci a zaunar da ita a ce, "Hajiya, ga abin da likita ya ce, me kika gani?" Ga kuma wani abu: na'ura ba ta gajiya, ko bayan inzali tana nan a miƙe har sai an sauke ta, amma jikin mace yana gajiya. Wadda ta daina al'ada, ga shi an daɗe ba a haɗu ba, za ta buƙaci man shafawa da sannu-sannu. Mai mata biyu ko uku kuma ya sani cewa makonni 4 zuwa 6 na farko babu kusantar kowa, sai ya san yadda zai yi bayani a kowane ɗaki. Wanda ya sa ranar ƙarin aure sannan ya zo neman tiyata saura mako biyu, ya makara.

Ranar da abu ya lalace

A nan ne nake ganin zaɓin mutumin Kaduna ya bambanta da na mutumin Landan. Mai famfo inji ne, inji kuwa yana da ranar lalacewa: bututu ya tsage ruwa ya zube, famfo ya ƙi, ko silinda ta huje. Na zamani suna da ƙarko, yawancinsu suna kai shekara 10 zuwa 15, amma ɗan shekara 45 ya sa a ransa cewa da wuya ya ƙare rayuwarsa da na farko. Idan ya lalace ba a gyara shi daga waje, sai an sake tiyata, an sake sayen kaya. Sanduna kuwa kusan ba abin da zai lalace a jikinsu. Nasu haɗarin shi ne matsin da suke yi wa nama dare da rana, har wani lokaci su huda su fito ta kan kaciya ko ta bututun fitsari. An fi ganin haka ga waɗanda ba sa jin zafi a wurin, kamar masu ciwon laka bayan haɗarin mota, da masu sa robar fitsari kullum. Suna kuma iya takura wa likita idan daga baya ana son zura na'ura ta mafitsara don aikin furostet.

Kowa a garin nan ya san labarin mutumin da ya sayi dalleliyar mota, ranar da ta tsaya aka zaga Panteka kaf ba a sami kayanta ba, makanikinta kuma sai Legas. To wanda ya je ƙasar waje aka sa masa mai famfo ya dawo Rigasa, ya tambayi kansa: idan na farka da zazzaɓi da kumburi bayan mako uku, wa zai duba ni? Idan famfo ya ƙi bayan shekara shida, ina da kuɗin biza da jirgi da sabuwar na'ura? Ko masu sanduna suna buƙatar likita a kusa, amma cire sanda ko canza ta aiki ne da likitocin mafitsara da yawa za su iya, saɓanin lalubo tanki a cikin mara.

Babban abin tsoro a duka biyun shi ne ƙwayoyin cuta su kama na'urar. A hannun gwanaye, ga wanda ake yi wa karon farko, abin yana tsakanin mutum 1 zuwa 3 cikin 100, kuma ya ragu ne tun da aka fara shafe na'urorin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko a yi musu rufin da ke tsotse maganin idan an tsoma su a ciki. Idan cuta ta kama, allura da kafso kaɗai ba kasafai suke isa ba, sai an cire. Akwai dabarar da likita Mulcahy ya bayyana a 1996, a cire, a wanke wurin sosai, a sa sabuwa nan take, kuma sau da yawa sanduna ake sawa a irin wannan hali. In aka cire aka bar wurin fayau, tabo ne zai cike shi, gaba ya gajarce, sake dashe ya zama jan aiki. Alamomin da ba a kwana da su a gida: zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, zazzaɓi, ja da kumburi, ruwa ko mugunya daga ɗinki, ko famfo ya manne da fata.

Masu suga su ne suka fi zuwa neman dashe, su ne kuma cutar ta fi kamawa. Akwai awon jini da ake kira HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya kasance a wata uku da suka wuce, ba na safiyar ranar kaɗai ba. Likitoci da yawa ba sa son yin aikin idan ya haura 8.5. Wanda likita ya ce masa ya je ya gyara sugansa ya dawo, kada ya yi fushi ya nemi wanda zai yi masa a haka. Mai shan taba ma ya ajiye ta tukuna.

Sai 'yan sikila, waɗanda labarinsu ya sha bamban, kuma muna da su da yawa a Arewa. Kusan ɗaya cikin uku na maza masu amosanin jini suna gamuwa da miƙewar gaba mai zafi wadda ba sha'awa ce ta kawo ta ba. Idan ta wuce awa 4, asibiti ake rugawa, ba a jira gari ya waye. Kunya kan sa saurayi ya yi kwana biyu a ɗaki yana juyi, kafin a kai shi tsokar ta mutu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan abin ya wuce awa 36, likitoci kan kawo shawarar a yi dashe da wuri kafin tabo ya sandare, kuma a nan sanduna aka fi sawa, don su riƙe tsawon gaban; daga baya in akwai hali a canza zuwa mai famfo. Yaro ɗan shekara 25 da ya ji an ce dashe zai firgita, iyayensa ma haka, amma jinkirin watanni yana mai da aikin mai wuyar gaske.

Kuɗi fa? Duka na'urorin daga waje ake shigo da su, da dala ake sayensu, kuma tun da aka saki naira a 2023 kowa ya san yadda lissafin ya koma. Mai famfo ya ninka mai lanƙwasa tsada sau da yawa, tiyatarsa ta fi tsawo, ga kuma kuɗin canji a gaba. Mai katin inshorar lafiya ta NHIA (ta tarayya) ko KADCHMA (ta jihar Kaduna) kada ya ɗauka an biya masa. Ya je ofis ya tambaya, a ba shi amsa a rubuce.

Idan aka matsa mini in faɗi ra'ayina, ga shi. Mutumin da bai tsufa ba, hannunsa lafiya, sugansa a saite, yana da ƙarfin biya yau da kuma biya karo na biyu ba tare da ya sayar da gida ba, ga likitan da ya saba da aikin a inda mota ko jirgin ƙasa za su kai shi a yini ɗaya, ya ɗauki mai famfo, shi ya fi daɗin zama. Wanda ɗaya daga cikin waɗannan ya yi masa giɓi, musamman kuɗi da kusancin likita, kada ya raina sanduna. Ana yawan kallon su a matsayin na talaka ko tsohon yayi, alhali ga ɗan fansho mai kaftani da ke son ya sauke haƙƙin iyalinsa ba tare da zullumin inji ba, su ne suka fi kwanciyar hankali. Mai ciwon laka shi ne zan ce ya yi taka-tsantsan da su saboda hudawar nan, ya bar wa likitansa hukunci.

Mafarin tafiya shi ne ganin likitan mafitsara, kamar waɗanda ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko a fara daga Barau Dikko a nemi a tura mutum inda ya dace. Duk wanda zai riƙe wuƙar, a nan gida ne ko a waje, a tambaye shi ba kunya: sau nawa yake yin wannan aiki a shekara, wace na'ura ce takamaimai kuma ta wane kamfani, tana da rufin magani ko babu, wa zai duba ni idan na koma gida, kuma wa zai biya idan ta lalace da wuri? Aikin kansa awa ɗaya ne zuwa biyu, da allurar baya ko ta barci, a kwana ɗaya ko biyu a asibiti, sai makonni na ciwo da kumburi waɗanda ba a hawa babur ko ɗaukar kaya mai nauyi a cikinsu. Kafin a sallame ka, ka karɓi katin da ke ɗauke da sunan na'urar da girmanta, ka ajiye shi tare da katin asibiti. Za a nema ranar da za a ɗauki hoton MRI, ko za a sa maka robar fitsari, ko wani likitan daban zai yi maka aiki a mara.